Tukunyar Gida da Tukunyar Kasuwa: Wa Ke Ciyar da Kano?

Akwai wani ƙorafi da ba ya tsufa a majalisun mazan Kano. Ana yin sa a dakalin ƙofar gida bayan sallar Isha'i, ana yin sa a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, wani lokaci har a wurin wa'azin ɗaurin aure: "Matan yanzu ba su iya girki ba, sai kwalliya da danna waya." Daga nan sai a shiga kawo hujja. A ce dubi yadda gidajen abinci suka cika titin Gidan Zoo da Bompai da Nasarawa. Dubi masu babura ɗauke da kuloli suna kutsawa lunguna. Dubi angon da bai rufa wata uku ba amma mai shayin bakin layi ya haddace yadda yake son a soya masa ƙwai. Hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: abincin waje baƙon abu ne, lalacin mata ne ya buɗe masa ƙofa, kuma shi ke rushe gidaje.

Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Sayen dafaffen abinci tsohuwar ɗabi'ar Bakano ce, ta girmi kakannin masu ƙorafin. Abin da ke tura mutane ga tukunyar kasuwa a yau lissafi ne na makamashi da nisa da lokaci da yawan bakunan da ke gida. Akwai abin damuwa a lamarin, babba ma kuwa, sai dai yana wani wuri dabam da inda ake nuna yatsa. Tambayoyi uku ne suka tattara shi: wa ke cin abincin, wa ke karɓar kuɗin, wa ke duba tsaftarsa.

Ɗabi'ar da muka gada

A watan Janairun 1824 Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, ya shigo Kano, ya zaga kasuwarta, ya rubuta abin da ya gani. Cikin abubuwan da suka ja hankalinsa har da masu gashin nama kusa da mahauta: wuta a tsakiya, tsinkaye a kewaye, an jera tsoka da kitse bi da bi. Wato kimanin shekara 200 da suka wuce ɗan kasuwar Kurmi yana cin tsirensa a bakin rumfa, ba wanda ya ce matarsa ta gaza. Garin da ya cika da fatake da 'yan ci-rani da almajirai da gwagware dole ne a sami masu dafawa su sayar musu.

Amma babbar kasuwar abincin tana cikin gidaje, bayan zaure. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san yadda yini ke tafiya. Da safe a miƙa wa yaro kwano da kuɗi ya tafi gidan mai koko, ya biya ta wurin mai ƙosai, idan akwai ɗumamen tuwon jiya a haɗa a karya. Da rana 'yan talla su yi ta sallama har tsakar gida: ɗanwake, waina, dambu, alale, fura. Tukunyar da ake ɗorawa domin gida baki ɗaya ita ce ta dare, tuwo da miya, kuma dominta ne maigida ke yin awo ya ba da kuɗin cefane. A gidaje da yawa sau ɗaya ake hura wutar girkin gida a yini, ba kuma wanda ya ɗauki hakan abin kunya.

Masu bincike daga waje sun lura da wannan tsari tun da daɗewa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, daga baya ta yi aiki a Ɗorayi tun tana ƙauye, ta kira harkar matan kulle ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969. Enid Schildkrout kuma ta bi sawun 'yan talla a Kurawa da Ƙofar Mazugal a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun iyayensu mata, su ne ke kai kaya su kawo kuɗi.

Abin lura a nan shi ne, abincin da ake kira na saye girkin gida ne, na gidan maƙwabta. Kuɗin da aka biya mai koko ya tafi wurin mai ƙuli-ƙuli, na mai ƙuli-ƙuli ya tafi wurin mai daddawa, ya zagaya unguwa ya ƙare a adashi da kayan ɗakin 'ya'ya mata da gudummawar biki. Kowace mace ta ƙware a abu guda, ta wadatar da layi da shi. Har unguwanni aka sani da sana'arsu, kamar yadda aka san Chediyar 'Yan Gurasa da tanderu. Saboda haka mai cewa iyayenmu sau uku suke girki kowace rana da hannunsu, tarihin wani gari yake bayarwa.

Abin da ya canja

Canji ya zo ta hanyoyi da dama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayan haka, mutanen Kudu suka zo da garin rogo da teba da bukokinsu. Kwarori suka zo da nasu salon, wanda shawarma ta yau jikarsa ce. Burodi da shayi suka sami gindin zama, teburin mai shayi ya zama majalisa. Daga shekarun 1990 Indomie ta hau teburin nan ta ƙi sauka. Garau-garau da awara suka zama abincin ɗalibi da ɗan ga-ruwa da ma'aikacin ofis. Duk waɗannan ƙari ne a kan abin da ake da shi, ba su suka koya wa Bakano saye ba.

Canjin da ya fi nauyi shi ne na garin kansa. Kano ta fice daga ganuwa ta bazu a ƙananan hukumomi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ɗorayin da Polly Hill ta gani gonaki yau cunkoson gidaje ce. Mutum yana kwana a Mariri ko Rijiyar Zaki ko Panshekara, yana neman abinci a Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari. A da yaro ne ke kai wa baba langarsa kasuwa da azahar, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Yau yaron yana makaranta, kuma kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa sau da yawa ya kai kuɗin farantin shinkafa da wake. Wanda ya fita bayan asuba ya dawo bayan magariba dole ya ci wani abu a hanya, ko da matarsa ta fi kowa iya girki a duniya.

Gidan ma ya canja. A babban gida na da, akwai kishiyoyi da faccaloli da 'yan mata da kaka. Girki yana zagayawa, mai girki yau gobe ta huta. Wannan na surfe, waccan na tankaɗe, yarinya ta kai markaɗe, wata ta tsinke zogale. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yanzu ma'aurata na tarewa a ɗaki ciki da falo na haya, a unguwar da ba su san kowa ba. Mace ɗaya ce da goyo, ita ce mai wanki, ita ce mai raka yara makaranta, wataƙila kuma malamar firamare ce ko ma'aikaciyar jinya a Asibitin Murtala ko ɗaliba a Jami'ar Bayero. Aikin da mata biyar ke rabawa aka ɗora wa mutum ɗaya, sannan ake mamakin me ya sa ba ta tuƙa tuwon dawa kullum.

Kuma tuwo ba abin wasa ba ne. Kafin malmala ta hau faranti sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe, an yi talge, an jira ya nuna, an tuƙa, an bar shi ya turara. Miya kuma da nata hidimar. Taliya minti goma sha biyar ce. Duk wanda ke da aiki a gabansa ya san wadda zai zaɓa ranar da ya makara.

Lissafin murhu

Mutane kan ce girkin gida ya fi arha, kamar magana ce da ba ta da togaciya. Tana da ita. Girki yana da kuɗin da ba ya raguwa ko da bakuna sun ragu, wato kuɗin wuta. Wake zai ɗauki lokacin da zai ɗauka a kan murhu, ko na mutum biyu ne ko na goma. Gidan mutum goma sha biyu yana raba kuɗin wutar nan gida goma sha biyu, don haka tukunyar gida ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Gwauro ko ango da amarya kuwa su kaɗai ke ɗauke da shi. A wurinsu ƙosan naira ɗari biyar ya fi arha a kan jiƙa wake, kai markaɗe, sayen kwalbar mai da ƙona gas.

Sai kuma bambancin saye. Mai sayar da abinci tana ɗauko buhu daga Dawanau, kwandon tumatir da attarugu daga 'Yankaba, jarkar mai daga Singa. Talaka kuwa a shagon unguwa yake saye, gwangwani-gwangwani, ƙulli-ƙulli, man ɗari biyu, magin hamsin. Ba wanda ke sayen abinci da tsada kamar wanda ba shi da kuɗin saye da yawa. Shi ya sa za ka ga gidan da ya fi kowa talauci a layi shi ya fi kowa aiken yara da kwano. Masu hali ne ke iya cika sito da firiza su yi alfahari da cewa ba sa cin abincin waje.

Shekarun nan sun tsananta lissafin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Juyin mulkin Nijar na Yulin wannan shekara ya jawo rufe iyaka na watanni. Zuwa Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari. Kilon gas ɗin girki ya haura naira 1,000, kananzir ya fi ƙarfin mai risho, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi, gawayin ma ya bi sahu. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Dabarar dafa miyar mako a ajiye a firji, wadda ake ba matan aiki shawara a kai, ba ta da amfani a garin da wuta ba ta da tabbas.

Gwamnatin Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a ƙarshen 2024. Raba shi kwana talatin, bai kai naira 2,400 a yini ba. A ciki za a fitar da haya da kuɗin mota da na makaranta da magani, abin da ya rage shi ne cefane. Matar da aka ajiye wa naira dubu ɗaya da safe, ta duba ta ga idan ta sayi gawayi da mai ba abin da zai saura na zubawa a tukunya, ta aika aka sayo wa yara ɗanwake, wannan ba malalaciya ba ce. Ta fi maigidan iya lissafi.

Tukunyar kasuwar ma ba ta tsira ba. A farkon Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka fito titi a Kano suna kukan tsadar fulawa. Waɗannan mata ne da ba a saba ganinsu a zanga-zanga ba, sun fito ne don tanderu ya mutu, kuma mutuwarsa ta taɓa gidajensu da gidajen da ke karyawa da gurasarsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tukwanen biyu a murhu ɗaya suke.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Duk da haka ba zan ce ba a yi asara ba. An yi, ta fuska uku.

Ta farko lafiya. Mai sayarwa ɗanɗano yake nema da riba, don haka hannunsa ya fi sakewa wajen gishiri da magi da mai da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya karya da Indomie, ya ci garau-garau da rana, ya rufe da tsire da yaji, da wuya bai tsallake wannan iyaka ba. Ga man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, ga zafaffen abinci a leda, ga ruwan wanke kwanuka da ba a san rijiyarsa ba. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda sun zama hirar kowane gida. Sai dai a nan ma gida bai kuɓuta ba. A watannin Maris da Afrilun 2021 gurɓataccen garin lemo da ɗan tsami da aka sayar a kasuwannin Kano ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, gwamnatin jiha ta ce aƙalla goma sun rasu. Kayan haɗi ne da mai sayar da zoɓo da uwargida ke saye a rumfa ɗaya. Hayaƙin itace da gawayi kuma, wanda hukumar ta duniya ke dangantawa da mutuwar kimanin mutum miliyan 3 a shekara, ƙirjin mai girki yake fara shiga.

Ta biyu cimarmu. Teburin kasuwa na yau fulawa da shinkafa da taliya suka mamaye shi. Ana noman alkama a Kadawa da kewayenta da ruwan Tiga, amma abin da ake nomawa a ƙasar nan ɗan kaɗan ne a kan abin da ake ci, sauran daga waje ake shigowa da shi da dala. Gero da dawa da maiwa, waɗanda suka dace da ƙasarmu da ruwan samanmu, suna ja da baya a faranti. Yaro ya tashi ya san shawarma bai san burabusko ba, ya ce miyar kuka abincin ƙauye ce. Duk lokacin da naira ta faɗi, karin kumallon Bakano ya tashi, alhali ga buhunan gero jibge a Dawanau.

Ta uku ita ce ta fi ci mini rai, wato rabon wanda ba na gida ba. Tukunyar gida ba a auna ta daidai da bakuna. Ana ƙara hannu ɗaya saboda baƙo, a zuba na almajiri, a aika wa tsohuwar da ke maƙwabtaka, a kai kwanon mai jego. Da dare magidanta su fito da kwanukansu zaure a yi ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu ya ci, ba wanda ya gane. Haka ake rufa wa juna asiri. Abincin leda kuwa ƙirge yake, na mutum uku na mutum uku ne. Ba ƙanzo, ba ɗumame, ba saura. Birnin da kowa ke cin nasa a roba birni ne da mai yunwa ba shi da inda zai raɓa sai ya buɗe baki ya roƙa.

Wanda ba a ambata a majalisa

Yanzu mu zo ga tambayar farko: wa ke cin abincin wajen? Ka tsaya wurin mai balangu ko mai gasasshen kifi ko mai farfesun kan sa da misalin ƙarfe tara na dare, ka ƙirga mata nawa ne a kan benci. Mafi yawan masu cin abincin waje mai tsada maza ne, kuma da yawansu magidanta ne. Akwai wanda zai bar wa gida kuɗin da bai wuce shinkafa da mai da yaji ba, ya karya da shayi mai kauri da wainar ƙwai a bakin kasuwa, ya ci sakwara da rana, da dare ya tsaya ya ci kaza shi kaɗai, ya goge baki, ya shigo gida ya ɗaga murfin kwano ya ce miya ba ta yi daɗi ba. Gobe shi ne a majalisa yana cewa matan yanzu ba su iya girki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan rabo ne marar adalci, kuma yana da sakamako. Nama da ƙwai da madara suna tafiya cikin wanda ya gama girma, mai ciki da mai shayarwa da yaron da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa suna zaune da tsurar shinkafa. Arewa maso Yamma tana cikin yankunan da tsumburewar yara ta fi yawa a Najeriya. Talauci ne babban dalili, babu musu, amma yadda ake raba ɗan abin da ake da shi a cikin gida yana da nasa kaso.

Ta fuskar addini ma maganar a fili take. Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa, ba saɓani a kan wannan. Hidimar girki kuwa malamai sun yi doguwar magana a kanta, malaman Malikiyya sun ɗaura ta a kan al'adar gari da halin miji da matsayin matar. Abin mamaki shi ne yadda muke ɗaga murya a kan abin da aka yi saɓani, mu yi shiru a kan wanda ba a yi ba. Mai wa'azin da zai yi sa'a guda a kan matar da ta yi odar abinci ta waya, ya kamata ya ware minti goma domin mijin da ke cin tsire a ɓoye.

Wa ke karɓar kuɗin

Tambaya ta biyu tana da fuska biyu. A gefe guda, kuɗin abinci yana ficewa daga unguwa. Abin da a da ake biyan maƙwabciya yanzu yana tafiya ga kamfanin taliya da na lemon kwalba da manyan gidajen abinci masu rassa a birane. Ba laifi ba ne, su ma suna ɗaukar ma'aikata, amma kuɗin ba ya zagayowa adashin layi.

A ɗaya gefen, tsohon cinikin nan na bayan zaure ya dawo da sabuwar riga. Dubban matan Kano suna girki a kicin ɗinsu suna tallatawa a WhatsApp da Instagram da TikTok: waina da miyar taushe, sinasir, funkaso, dambun nama, alkaki, abincin suna da na biki, kayan buɗa-baki da azumi. Kuɗi ya shigo ta asusun banki, mai babur ya kai. Wasunsu sun gama jami'a ba su sami aiki ba, wasu zawarawa ne masu riƙe da marayu. Waɗannan su ne matan da ake cewa ba su iya komai ba sai danna waya, alhali da wayar suke ciyar da gidajensu da ofisoshin gari.

Kuma akwai wani alheri a nan da ya kamata a faɗa. Tsohon tsari a kan 'yar talla ya tsaya. Yarinya ce ke yawo da faranti a ka daga tasha zuwa gareji, ta rasa makaranta, ta haɗu da abin da ba a fata. Duk mai begen zamanin da, ya tuna da wannan farashi. Idan mai babur ya karɓi aikin da 'yar shekara tara ke yi, ita kuma ta zauna a aji, an ci gaba.

Abin da ya kamata a yi

Tambaya ta uku, ta tsafta, aikin hukuma ce. Dattawa suna tuna zamanin da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata, ana shakkarsa. Yau miliyoyin mutane na cin abinci a titi kowace rana, kulawar da ake yi ba ta kai girman harkar ba. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta fi ƙarfi a kan abin da aka ƙunsa a kamfani, mai tuwo-tuwo da mai awara kuwa a hannun ƙananan hukumomi da ma'aikatan lafiyar muhalli suke. Abin da ake buƙata rajista ce mai sauƙi, gwajin lafiyar masu girki lokaci-lokaci, horo a kan ruwa da mai da ajiya, da famfo da wurin zubar da shara a inda masu abinci suka taru. Idan aka mayar da abin hanyar karɓar haraji da kifar da tukwanen talakawa, za su ɓuya ne kawai su ci gaba, a rasa tsaftar a rasa amanar.

Na biyu makamashi. Duk mai son tukunyar gida ta dawo, ya nemi a sauƙaƙa wutar da za a ɗora ta. Ƙasar da ke ƙona iskar gas a banza a filayen haƙar mai bai kamata matanta su koma hura gawayi ba. Ƙananan tukwanen gas da za a biya kaɗan-kaɗan, da murhu mai tsimin gawayi, sun fi wa'azi dubu tasiri a kan abin da za a ci da dare.

Na uku, a rage wa cimarmu wahala. Shinkafa da taliya sun yi nasara ne saboda suna zuwa a shirye. Garin dawa da na gero da aka surfa aka niƙa aka ƙunsa da tsafta, garin ɗanwake, garin kunu, busasshen kayan miya, duk sana'o'i ne da mata suka riga suka fara. Su ya kamata a ba jari da injina, makarantun kwana da asibitoci su riƙa saye a wurinsu.

Na huɗu yana cikin gida, ba ya buƙatar kasafin gwamnati. A koya wa 'ya'ya maza girki. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, kukun otal namiji ne, to me ya sa kunna risho a gida ya zama abin kunya? Saurayin da ya iya dafa wake da miya ba zai ƙarar da albashinsa a buka ba, ranar da matarsa ta haihu ko ta kwanta ciwo kuma gidan ba zai kwana da yunwa ba.

Na ƙarshe kuwa ƙa'ida ce da kowane magidanci zai iya ɗaura wa kansa tun daga yau: abin da ka ci a waje, iyalinka su ci irinsa. Idan aljihu ya kai tsire, a ƙunso a kawo gida a ci tare. Idan bai kai na kowa ba, a mayar da kuɗin cefane, nama ya shiga miya kowa ya samu. Gidan da ya tsaya a kan wannan, ko daga tukunyarsa abincin ya fito ko daga ta maƙwabta, ya sauke haƙƙin ciyarwa. Wanda bai tsaya a kai ba, ba shi da bakin tuhumar matan zamani.